Ruwa kafin wuta: yadda ake tada ƙaramin jirgin tururi a Tilden

Kakana fayaman ne a reluwe. Ya yi shekaru yana watsa kwal ɗin Inugu a murhun jirgi tsakanin Zariya da Kano, kuma har ya koma ga Allah akwai tabon ƙuna a bayan hannunsa na dama. Ni na tashi dizal ya riga ya karɓe layin dogo, don haka jirgin tururi a wurina labari ne na bayan sallar isha'i. Sai da na zo Kalifoniya neman abinci, na daɗe ina gyaran injinan ɗumama gidaje a Oakland, sannan wata ranar Lahadi na kai 'yata shan iska gandun Tilden da ke kan tsaunukan bayan Berkeley. Muna fitowa daga mota na shaƙi hayaƙin kwal gauraye da zafaffen mai, irin ƙamshin tsohuwar rigar aikin kakana sak. Na bi shi da hanci. Sai ga wani dattijo zaune a bayan wani ɗan kan jirgi da tsayinsa bai wuce gwiwata ba, yana jan taragu cike da manya da yara, tururi na fita fat-fat-fat daga bututu.

Yau shekara bakwai ke nan ina zuwa wurin. Abin da zan rubuta shi ne yadda mutum zai tashi daga ɗan kallo ya kai ga hura wuta da tuƙi da hannunsa, kamar yadda aka koya mini. Amma sai na fara gaya maka su waye mutanen, domin duk abin da za su koya maka gado ne, hannu da hannu ya zo.

Kulob ɗin sunansa Golden Gate Live Steamers, yana cikin mafi daɗewa a Amurka. Victor Shattock ne ya kafa shi a 1936, shekarar da aka buɗe shi kansa gandun Tilden. Mutumin haifaffen Ingila ne, ma'aikacin kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific, kuma ya shimfiɗa ɗan layin dogo mai faɗin inci 2½ a ɗakin ƙarƙashin gidansa a Oakland. Jiragensa kwaikwayon na kamfanin da yake wa aiki ne, rabin inci a madadin kowace ƙafa, da tururi na gaskiya suke tafiya. Abokai suka riƙa taruwa a ɗakin nan suna kallo suna tambaya, wasu su koma gida su fara ƙera nasu. Da ɗaki ya yi musu kaɗan sai suka samu fili a gandun Redwood na Oakland wajen ƙarshen shekarun 1940, suka fito da abin sarari. A shekarun 1970 suka tattara suka hau Tilden, inda suke har gobe, kusa da layin Redwood Valley mai faɗin inci 15 da Erich Thomsen ya fara a 1952. Kada ka rikita biyun: na Redwood Valley tikiti ake saya a hau, na kulob kuwa na 'yan sa-kai ne, sai abin da ka ga dama ka jefa a akwatin gudummawa.

Shi ma Shattock ba daga sama abin ya faɗo masa ba. A Ingila a farkon shekarun 1920 an yi ta musu a kan ko ƙaramin kan jirgi zai iya cin kwal kamar babba, har ya ja mutum. Manyan masu sana'ar suka ce ba zai yiwu ba, a tsaya ga wutar sinadarin sifirit. Wani mutum da ake kira Curly Lawrence, mai sa hannu da haruffan LBSC, ya ƙera wani kan jirgi na layi mai faɗin inci 2½, ya sa masa suna Ayesha, ya hura masa kwal, ya zauna a baya jirgin ya ja shi. A 1924 aka yi karon battar a bainar jama'a a wurin baje kolin masu ƙere-ƙere a Landan, gani ya kori ji. A Amurka kuma Carl Purinton na Marblehead a jihar Massachusetts ya kafa ƙungiyar 'yan'uwantaka ta masu wannan sha'awa a 1932, yana rubuta sunayensu domin wanda ke gabas ya san da zaman wanda ke yamma. To ka ga a lokacin da manyan jiragen Southern Pacific suka daina cin wuta kafin 1960, sanin yadda ake sarrafa tururi ya riga ya samu maɓoya a hannun irin waɗannan mutane.

Kada ka fara da sayen jirgi

Wannan ita ce shawarata ta farko, kuma na fi nanata ta. Ka je ranar Lahadi da rana, lokacin da suke ɗaukar jama'a in yanayi ya yi kyau, ka hau a matsayin fasinja. In an sauke ka, ka tsaya bakin shinge ka yi kallo, hannunka a aljihu, don kusan komai a jikin jirgin nan yana ƙuna. Ka yi tambaya. Ban taɓa ganin mai jirgin da aka tambaya game da jirginsa ya ƙosa ba. Daga nan ka nemi shiga kulob, ka riƙa zuwa ranakun aiki: a tone ruɓaɓɓen katakon layi, a zuba tsakuwa, a daidaita dogo da ma'auni, a share ganyen itacen turare da ke zuba a kan hanya. Na yi wata biyar ina tura baro kafin wani ya ce in riƙe masa shebur ɗin wuta. A wannan turin baro na san kowace gangara da kowace kwana ta layin, abin da daga baya ya amfane ni fiye da duk wani karatu.

A nan ne na shaƙu da dattijon da na fara gani. A ƙasar nan yaro kan kira sa'an kakansa da gatsal ɗin suna, ni kuwa bakina ya ƙi. Na ce masa a garinmu Baba ake ce wa irinsa, ya ce ya karɓa. Shi ya koya a hannun wani wanda ya taɓa shiga ɗakin Shattock.

Dalili na biyu na jinkirta saye shi ne faɗin layi. Babban layin dogo na Amurka faɗinsa ƙafa 4 da inci 8½ ne, wato inci 56½. In ka raba shi takwas, don ɗan jirgin kashi ɗaya cikin takwas ne na babba, abin da zai fito ya ɗara inci 7 kaɗan. Ingila da arewa maso gabashin Amurka suka tsaya a inci 7¼, yawancin sauran Amurka har da mu nan yamma muka tsaya a 7½. Wannan rubu'in inci ya isa ya hana jirginka hawa layin maƙwabta. Ko Walt Disney, da ya shimfiɗa layi a bayan gidansa a Los Angeles a 1950, nasa 7¼ ne, amma kulob ɗin da aka kafa a gandun Griffith na birnin a 1956 babban layinsa 7½ ne. Akwai kuma ƙananan layuka, inci 4¾ da 3½, waɗanda jiragensu mutum ɗaya ko biyu za su iya ɗagawa. Na 7½ kuwa wani ya haura kilo 200, sai da tirela da abin ɗagawa. Ka san layin da za ka hau da motar da za ta kai ka kafin kuɗinka ya fita.

Ni burina in ƙera ɗaya daga cikin kawunan jirgin Najeriya da aka sa wa sunayen koguna, masu tsarin ƙafafu 2-8-2, wato ƙanana biyu a gaba, manya takwas a tsakiya, ƙanana biyu a baya, irin waɗanda kakana ya yi wa hidima. Da yake layinmu na gida ƙafa 3 da inci 6 ne, inci 42 ke nan, in aka ɗora shi kan inci 7½ ba rabon takwas za a yi ba, kusan biyar da rabi ne, jirgin zai fito ƙato. Zanen yana nan a bangon garejina.

In kuma tsohon jirgi za ka saya, abu na farko da za ka tambaya takardar gwajin tukunya. Ana cika tukunyar da ruwan sanyi taf, babu ko ɗigon iska a ciki, a matsa da famfon hannu har ya kai ninki ɗaya da rabi na matsin aiki, sabuwar tukunya kuwa ninki biyu, sannan a bi ta da fitila ana neman inda take tsatsafowa. Da ruwan sanyi ake yi domin ruwa ba ya matsuwa, in wani wuri ya tsage sai dai ya yi tsartuwa ya tsaya. Amma tukunyar da ke aiki a fam 100 kan kowane murabba'in inci, ruwan cikinta ya kai zafin digiri 170 a ma'aunin Salsiyos, kuma da ya samu ƙofa zai koma tururi nan take, ya kumbura fiye da sau 1,600. Shi ya sa babu kulob mai hankali da zai bar ka ka kunna ashana ba takarda.

Kafin ashana

Akwai wurin da ake tada wuta, layuka ne da aka ɗaga sama kusan daidai ƙugu, don ka iya leƙa ƙarƙashin jirgi ba tare da ka kwanta ba. Ka turo jirginka can, ka ɗaure birki. Baba ya sa na haddace magana ɗaya tun ranar farko: ruwa kafin wuta. Ka cika tukunya har ruwa ya kai rabin gilashin ruwa ko ya ɗara kaɗan, wato wannan siririn bututun gilashi da ke gaban direba. Kada ka yarda da ido kawai. Gilashin da ƙofarsa ta toshe zai nuna maka ruwa alhali babu, kuma gilashin da ya cika taf da wanda ba komai a ciki kusan kamarsu ɗaya. Ka ɗan girgiza jirgin gaba da baya, ka ga ruwan yana rawa. In bai motsa ba, ka tsaya nan sai ka gano dalili.

Sai ka cika taragon ruwa da ke bayan kan jirgi, wanda a kansa za ka zauna. Ruwa mai tsabta, ta cikin rariya, don ƙwayar yashi ɗaya tana iya tsayar maka da aiki. Ruwa mai gishiri-gishiri yana barin farin ɓawo a cikin tukunya kamar na tsohuwar butar shayi, ɓawon nan kuwa yana shiga tsakanin wuta da ruwa, ƙarfe ya yi ta cin zafi shi kaɗai. Ka buga famfon hannu sau da yawa ka ji yana tura ruwa.

Mai iri biyu ne, kuma ba a musanya su. Akwai mai kauri kamar zuma, na silinda, wanda ake zubawa a ɗan tankinsa ya bi tururi ya shiga ciki. Man mota ba ya wannan aiki, tururi wanke shi yake yi. Akwai kuma mai ruwa-ruwa na gaɓoɓi: sandunan da ke haɗa ƙafafu, gatari, da duk inda ƙarfe ke goga ƙarfe. Ka fara daga gaba ta ɓangare ɗaya ka zagayo ta ɗayan, kullum ta hanya guda, don kada ka tsallake wani rami. Kana zuba mai kana taɓa kowane noti da yatsa. Sau biyu na tarar da wanda ya kwance ta haka.

Ka buɗe ƙofar akwatin hayaƙi da ke goshin jirgi, ka haska, ka tabbata bututan wuta a buɗe suke, sannan ka rufe ta gam. In tana shan iska ko kaɗan wuta ba za ta ja ba, ka yi ta fama ba ka san dalili ba. Ka duba ragar murhu da kaskon toka sun zauna daidai. Totur a rufe, libar gaba da baya a tsakiya, ƙananan famfunan da ke ƙarƙashin silinda a buɗe.

Hura wuta

Bututun hayaƙin ɗan jirgi gajere ne, ba zai ja iska da kansa ba, sai an yi masa zuga kamar yadda ɗan maƙeri ke yi wa ubangidansa da zugazugi. Wasu kan ɗora 'yar fanka mai batir a bakin bututu ta riƙa zuƙo hayaƙi, wasu kan jona tiyon iska mai matsi. Ko wanne ne, ka kunna shi a hankali kafin wuta.

Gawayin itace nake farawa da shi, ƙanana kamar goro, wanda na jiƙa da kananzir tun daren jiya a cikin gwangwani mai murfi. Kananzir na ce, fetur ko kusa kada ya zo wurin. Ka shimfiɗa shebur uku ko huɗu a kan raga, shebur ɗin ma bai fi babban cokali ba, ka kunna na ƙarshe a kan shebur ka zura shi ciki, ka tura ƙofa. Za ka ji wani ɗan gurnani. In gawayi ya yi ja ko'ina sai ka fara yayyafa kwal, kaɗan-kaɗan, kana bin kusurwoyi huɗu da gefuna. Sabon hannu kullum tsakiya yake tulawa, ya bar ramuka a gefe, iska mai sanyi ta bi ta ramukan ta sanyaya bututai. Wutar da ake so shimfiɗaɗɗiya ce, mai kauri ɗaya, mai haske. Baƙin hayaƙi alama ce ka cika mata ciki.

Kada ka yi gaggawa. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, kuma murhu yakan riga sauran jikin tukunya zafi, don haka wutar gaggawa tana wahalar da gaɓoɓin walda. Rabin awa zuwa awa guda ba asara ba ce ga babban jirgi. In allurar agogon matsi ta kai wajen fam 30, jirgi ya iya yi wa kansa zuga: ka buɗe bawul ɗin zuga nasa, wanda ke fesa tururi sama ta cikin bututun hayaƙi, sannan ka cire fanka da safar hannu, don ta yi zafi.

Da yawa a nan sun koma iskar gas, kuma ban ga laifinsu ba. Tsaunukan nan a ƙarshen rani busassu ne ƙayau, ga itatuwan turare masu kama wuta kamar an zuba musu mai. Gobarar da ta tashi a tsaunukan Oakland a watan Oktoba na 1991 ta kashe mutum 25, ta cinye gidaje kusan 3,000, kuma ba nisa tsakaninta da nan. Mai kwal dole ya sa ragar tare tartsatsi, ya kula da tokarsa, kuma in aka ce yau ba a kunna wuta, to ba a kunnawa. In gas za ka yi amfani da shi, zuga tukuna, sannan ka kai harshen wuta bakin murhu, sannan ka buɗe gas. In ta mutu, ka rufe gas, ka bar zuga ta kwashe wanda ya taru kafin ka sake gwadawa, fuskarka kuma nesa da ƙofa.

Ka bar matsi ya hau har bawul ɗin kariya ya buɗe da kansa, idonka a kan agogo. Dole ya yi tsawa daidai jan layin da aka zana, kuma allura ta daina hawa. Sai ka buɗe ɗan famfon da ke ƙasan gilashin ruwa na daƙiƙa biyu ka rufe: ruwan zai ɓace ya dawo da sauri. In ya dawo yana jan jiki, akwai toshiya.

Yanzu saura hanyoyin ba tukunya ruwa, kuma ba a fita da ƙasa da biyu masu aiki. Akwai famfon da gatari ke bugawa in jirgi na tafiya, akwai na hannu, akwai kuma injekta, wadda har yau take ba ni mamaki. Wani Bafaranshe, Henri Giffard, ya ƙirƙiro ta a 1858. Babu abin da ke motsi a cikinta, 'yan mazurarai ne kawai a jere. Tururin tukunya yana fesowa ta ciki da gudu, ya haɗu da ruwan sanyi ya narke a cikinsa, ya ba shi gudun da zai tura ƙofa ya shiga tukunyar da tururin ya fito. Ka buɗe ruwa tukuna har ya zubo ta ƙasa, sannan ka buɗe tururi gaba ɗaya. In ta kama, zubar za ta tsaya, ka ji tana wani siririn kuka kamar tsuntsu. Wajen kashewa tururi ake fara rufewa. Abu uku take ƙi: ruwan ɗumi, datti, da iska mai shiga ta mahaɗin bututu. In ta yi gardama, sau da yawa zafi ta yi, ka kwarara mata ruwan sanyi ka sake.

A kan layi

Ka zauna daram, ƙafafu a kan matakai. Liba gaba gaba ɗaya, ka saki birki, usur biyu alamar za ka tashi, in baya za ka yi uku. Ka buɗe totur kaɗan, ka jira. Tururin farko da ya shiga silinda mai sanyi ruwa yake komawa, shi ya sa aka bar famfunan ƙasa a buɗe ya fita fuu ta gefe. Ruwan da ya maƙale gaban fistin ba ya matsuwa, yana iya fasa murfin silinda. Bayan 'yan taku, in abin da ke fita ya zama busasshen tururi, ka rufe su. In ƙafafu suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, ka rufe totur nan da nan ka sake buɗewa a hankali. Ganyen turare da raɓar safiya sun iya jawo wannan.

Da jirgi ya miƙe sai ka jawo liba baya daki ɗaya ko biyu zuwa tsakiya. Yin haka yana datse tururi tun fistin bai kai ƙarshe ba, sauran tafiyar kumburin tururin ne ke yi. Za ka ji sautin ya yi laushi, ruwa da kwal su daɗe. Akwai hikima a ginin abin: tururin da ya gama aiki ta bututun hayaƙi yake fita, kowace fat tana zuƙo iska ta cikin wuta. Jirgi na jan nauyi, wuta na ƙara ci. Saboda haka kana tafiya ba ka bukatar zuga, amma kafin ka rufe totur, ko ka shiga rami, ka ɗan buɗe ta. In ba haka ba harshen wuta zai nemi hanya ta ƙofar murhu, inda hannunka da gwiwoyinka suke. Da Baba ya nuna mini wannan na tuna bayan hannun kakana.

Kwal kaɗan-kaɗan, a kai a kai, kuma kafin hawa ake zubawa, ba a tsakiyarsa ba. Ka buɗe ƙofa, ka watsa, ka rufe. Ruwa ma haka: in ka tura mai yawa lokaci guda matsi zai faɗi, in ka cika tukunya fiye da kima ruwa zai bi tururi ya fito ta bututu, ya yi wa fasinjoji ruwan toka.

Ga abin da ya same ni a shekarata ta biyu, a jirgin Baba, shi yana zaune a tarago na farko. Muna hawa wata doguwar gangara, gilashi ya nuna mini rabi, hankalina kwance, ina ta sauraron sautin. Na manta cewa in jirgi ya ɗaga kai ruwa baya yake taruwa, wajen gilashi, ya nuna fiye da abin da ke akwai. Muna kaiwa ƙoli hanci ya sunkuya, na rufe totur, ruwa ya gudu gaba, gilashi ya zama fayau. Hannuna ya tafi kan injekta. Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Tsaya. Zubar da wutar." Na taka birki, na zare sandar da ke riƙe raga, garwashi ya zube tsakanin dogo, mai kula da bayan jirgi ya sheƙa masa ruwa. Rufin murhu, farantin da ke saman wuta kai tsaye, ruwan da ke kwance a kansa ne kaɗai ke hana shi yin ja. In ya bushe ya yi zafi sannan ka watsa masa ruwan sanyi, ka haɗa tururi mai yawa da ƙarfe mai laushi a lokaci guda. Muka tura jirgin da hannu zuwa gefe. Bai ɗaga mini murya ba. Da tukunya ta huce aka sake gwada ta da ruwan sanyi kafin ta ƙara ganin wuta, mako na gaba kuma ya sake ba ni shebur. Tun daga ranar, kafin kowane ƙoli nake ƙara ruwa, kuma ba na yin numfashi goma ban kalli gilashi ba.

Ɗaukar jama'a sai an gwada ka an yarda da kai. Taragu biyar cike da mutane sun fi kan jirgin nauyi nesa ba kusa ba, a gangara su ne ke tura ka, don haka ka fara rage gudu tun da nisa. Kafin a tashi a gaya wa kowa: ƙafa a kan mataki, kada a miƙa hannu a cafki ganye, kada a karkata don ɗaukar hoto, domin karkatar babban mutum ɗaya tana iya sauke tarago daga layi. Usur ɗaya daga mai kula da baya, ka tsaya, tambaya daga baya.

In an tashi

Ka dawo wurin tada wuta da ruwa sama da rabin gilashi, ka bar wuta ta lafa, sannan ka zubar da ita a cikin kaskon da aka tanada, ka kashe garwashin da ruwa har ya daina huci. Ka jira matsi ya sauko wajen fam 30 ko ƙasa, ka duba ba kowa a gefen, ka buɗe bawul ɗin ƙasan tukunya. Ruwa da laka za su fito da ƙara, sauran zafin ƙarfe kuma ya busar da ciki, abin da tukunyar baƙin ƙarfe ke bukata don kada tsatsa ta ci ta. Ta jan ƙarfe ba ta tsatsa, amma ita ma tana son a fitar mata da laka.

Ka kwashe tokar akwatin hayaƙi, ka bi bututan wuta ɗaya bayan ɗaya da dogon buroshi. Toka in ta sha danshi tana cin ƙarfe. Ka sassauta kowane bawul kaɗan tun da sauran ɗumi, don in ka bar su a ɗaure suka huce za su ƙame, mako mai zuwa sai da filaya. Ka ɗiga mai a silinda ka tura jirgin gaba da baya, ka goge jikinsa da tsumma mai ɗan mai.

Akwai ɗan littafi da Baba ke ajiyewa a akwatin kayan aiki, bangonsa duk baƙin yatsu. Shafin farko rubutun wanda ya ƙera jirgin ne, sai na mutumin da ya saya a hannun iyalinsa, sai na Baba: ranar da aka hura wuta, ranar gwajin tukunya, abin da ya lalace da yadda aka gyara. Ka buɗe wa jirginka irinsa tun ranar farko, kuma in ka samu tsohon ɗan kulob yana ba da labarin zamanin gandun Redwood, ka nemi izini ka ɗauki muryarsa a waya, ka tambaye shi sunan kowane jirgi da ke cikin tsofaffin hotuna ka rubuta a bayansu da fensir. Bara idon Baba ya fara rauni, ya miƙo mini biro ya ce in riƙa cikewa. Lahadin da ta wuce na rubuta: an yi zagaye tara, injektar hagu ta ƙi kamawa sau biyu, a wanke rariyarta. 'Yata ce ta zuba man gaɓoɓi.